Buhu na Biyu da Na Kai wa Baffa

Bari in fara da laifina tun kafin abokina Mubarak ya riga ni faɗa ya ƙara masa gishiri. Buhu ɗaya Baba ya ba ni. Ɗaya tak, a naɗe, ya ɗaure shi da zare. Na biyun ni na zare shi daga ƙarƙashin katifar Umma na cusa a jakata. Ba wanda ya aike ni.

Tun da na dawo kuka hana ni sakat a wajen mai cajin waya. Ya Nijar take? Da gaske a kan yashi na kwana? Me ya sa na yi mako guda ban iya juya wuya, sai dai in juyo gaba ɗaya kamar babbar mota? Me ya sa na daina wasan nan nawa na manomi? Watanni sun wuce, tambayar ba ta ƙare ba. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Sai in naɗa gyalen Umma a kai, in cika aljihu da takardu, in zauna ina ƙirga su ina kuka: "Wayyo taki ya yi tsada! Wayyo mun mutu!" Ku kuma kuna faɗuwa don dariya. Hujjata ba ta da wuya. Duk ranar da Umma ta aike ni awo, kuɗin suna ƙaruwa, ledar tana ƙanƙancewa. Na ce to kuɗin nan ai ba sama suke tashi ba, ƙauye suke tafiya. Manoma sun yi kuɗi, kukan duk na ƙarya ne.

Muna da gonar gado a wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum. Baffa Sale, ƙanen Baba, shi yake noma ta, kuma kowace shekara Baba yakan je da buhu a zubo masa gero. Bana aikin makaranta ya riƙe shi, ya ce ni in je, a ƙarshen bazara, gab da saukar ruwa. Ni kuwa na yi lissafina: buhu ɗaya na gida, ɗaya nawa, in sayar in canza waya. Mai rumbu ai ba zai ma san an ɗiba ba.

Motar da na samu a tashar Daura, Allah ya jiƙanta tun tana da rai. Ni aka ɗora a kan giya, duk lokacin da direba zai canza sai ya ce, "Ɗan samari, ɗaga ƙafa." Kafin mu kai Zango na ɗaga ƙafa ya fi sau dubu. A baya wata Hajiya mai sayar da abinci ta buɗe taro.

"Wallahi manoman nan ba su jin tsoron Allah," in ji ta. "Jiya na je awo, na dawo kamar an yi mini sata."

Na juya na ce, "Hajiya, ai ɓoyewa suka yi. Kowane rumbu banki ne, mai gadi kawai ya rasa."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho a bakin taga, yana rungume da bakin garma da ya kai wa maƙeri, shi bai yi ba. Ya ce, "Yaro, geron da ka ce ya yi tsada, a hannun wa ka saye shi?"

"A kasuwa mana, Baba."

"Na ji a kasuwa. A hannun wa? Hannunsa irin wannan ne?" Ya buɗe mini tafinsa. Duk kanta, ya tsattsage kamar bakin tafkin da ya ƙafe.

Na ce ban duba hannunsa ba, geron na duba.

"To ka riƙa dubawa. Mu da kaka muke sayarwa, lokacin da yake banza, don lokacin buƙata take taso mana gaba ɗaya. Yanzu da ya yi tsada, mu ma saye muke yi."

Na raɗa wa direba, "Ka ji su ko? Ko a Makka ka gamu da su sai sun yi maka kuka." Direba ya ce, "Ɗaga ƙafa."

A Baure taya ta yi faci, muka tsaya na ci awara mai yaji har na ga taurari da rana tsaka. Daga Babban Mutum na hau acaɓa. Yaron ya ce ya san yashi kamar ɗakin uwarsa, bai rufe baki ba muka kwanta a ciki, ni a ƙasa, babur a kaina, shi a kan babur yana tambayata ko na ji ciwo.

Na isa bayan la'asar. Dattawan ƙauyen suna zaune a gindin bishiyar ƙofar masallaci, Baffa yana cikinsu. A nan na yi abin da ya jawo komai.

Ashe abin yana da tsari, ni ban sani ba, don ban taɓa raka Baba ba. Buhun ɗan'uwa a naɗe ake shiga da shi, a hammata, a miƙa wa matar gida a ɗaki. Mai gida ya zuba abin da ya sawwaƙa, ba wanda ya san nawa aka aiko, ba wanda ya san nawa aka zuba. Ni kuwa ko gaisuwa ban gama ba na zazzage jaka, na warware buhunan nan biyu, na kakkaɓe su a sama kamar mai tallar atamfa.

"Baffa, ga saƙon Baba! Ya ce a cika su, a danna da ƙafa, har sai sun yi kuka!"

Wasu suka yi 'yar dariya. Wani dattijo ya ce, "Masha Allah. Bana biyu za a yi ke nan, Malam Sale. Gida ya yi albarka."

Baffa ya yi murmushi, irin wanda ake yi da baki kawai. Ya ce, "Sannu da hanya, ɗan Yaya. Naɗe su, mu shiga ciki."

Tuwon da aka kawo mini na dawa ne, miyar kuka kuwa kana iya hango fuskarka a ƙasan kwanon. Ba nama, ba mai. Inna Hajo, matar Baffa, ta soya mini ƙwan zabo ɗaya, yara uku suka zauna suna kallonsa har na haɗiye. A raina na ce rowar masu kuɗi ke nan, haka suke tarawa.

Da safe na ce bari in kawo muku hujja. Na kunna waya, na taka turmi na hau rumbun Baffa, na ɗaga jinkar ina cewa, "Jama'a, ga bankin." Na leƙa.

Ƙasan rumbun na gani. Ƙasa, da idona. 'Yan dami kaɗan a jingine, sai wani tsohon buhu a ɗaure a gefe shi kaɗai. Na haska da fitilar waya ko akwai wani ɗaki a ƙarƙashi.

"Sauko, Sagir," na ji muryar Inna Hajo. "Ba a leƙa rumbun mutum."

Na sauko. Na ce, "Inna, ina sauran?"

"Wane saura?"

"Geron mana."

"Wanda aka sayar da kaka, ko wanda muka ci? Wancan na ɗaure na Yaya ne. Tun ranar sussuka Baffanka ya ware shi, ko ranar da muka kwana da kunu bai bari an taɓa ba. 'Yan damin nan su za su kai mu kaka, in sun kai." Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Na ruga waje. Baffa yana ɗaura wa shanunsa karkiya, zai ja amalanke zuwa wata kasuwa a cikin Nijar. Ya ɗora ragonsa guda da buhun wake, don an ce a can da saifa ake biya, in ka canza ta fi auki. Da kuɗin zai sayi takin zamani. Na tsaya a gabansa na faɗi gaskiya, cewa na biyun ƙarya ce, ni na ƙara.

Bai ko ɗago ba. "Na sani. Yaya bai taɓa zuwa da biyu ba. Naɗin ma ba nasa ba ne."

"To a bar shi, Baffa. In koma da shi a jaka."

"A gaban wa ka buɗe shi?"

Ya ja igiyar karkiya ya ci gaba.

"Ranar da za ka tafi, mutanen nan za su raka ka bakin hanya. In suka ga ɗaya, ba kai za a yi wa magana ba, kai yaro ne. Cewa za a yi Sale ya zauna a kan gonar gado, ya mayar wa yayansa buhu wayam. A nan zan ci gaba da sallah da su har in mutu. Hau mu tafi."

Shanun biyu ne. Ɗan Baƙi, mai fushi, da Goje, wani jan sa mai ƙaho ɗaya a karkace. Tun yana maraƙi Baffa ya saye shi. Yana yi masa magana kamar mutum: "Goje, bi dama, kar ka ba ni kunya gaban ɗan birni." Shi kuma ya bi dama. Ni da aka ba ni sanda na ce ya bi hagu, sai ya juyo ya kalle ni irin kallon da shugaban makaranta yake yi wa wanda ya makara.

Amalanke ba mota ba ce. Hanyar da babur zai cinye kafin shayi ya huce, mu muka wuni a kanta. Ƙashin bayana duk ya sauya wuri. Ragon ya zaɓi takalmina ya yi abin da zai yi a ciki. Da ban ga rumbun nan ba, da na cika muku waya da barkwanci. Amma tambaya ɗaya ce take cina, har na kasa riƙewa.

"Baffa, in rago da wake ba su isa taki da gero ba fa?"

Ya kalli bayan Goje. Sannan ya ce, "Tsakanin rago da sa ba ni da komai, ɗan Yaya."

Na gane. Na ce, "To ba a noma ba taki?"

"Gonar nan kakanka ya noma ta, ubansa ya noma ta. Ta gaji. Bara maƙwabcina ya gwada ba taki, geronsa bai kai gwiwa ba."

"Takin gida fa?"

"Dabbobi nawa ka gani a gidan?"

Iyakar ƙasa kuwa ta ba ni kunya. Ni na zaci katanga zan gani, da ƙofar ƙarfe. Igiya ce a tsakanin ganguna biyu, da benci a inuwa. Wani mai kaki ya taso yana cewa, "Malam Sale, yau da fasinja?" Ya shafa wuyan Goje, da alama sun saba. Ni kuma na zaro waya zan ɗauki igiyar da ta raba ƙasa biyu. Kafin in danna, wayar tana hannunsa. Ya sa na goge, ya goge har da hoton awarar Baure, sannan ya miƙo mini buta ya ce tunda ina da ƙarfin ɗaukar hoto, ina da na ɗebo ruwa. Haka na shiga ƙasar waje a karon farko a rayuwata: da butar wani a hannu.

Mun sauka a gidan Malam Isuhu, abokin Baffa tun suna samari, shi ma manomi. Hausa suke yi kamar mu, amma makaranta a bakinsu lakwal ce, malamin kuma mushe. Shayinsu ba irin namu ba ne na madara da burodi. 'Yar buta ce a kan gawayi, da kofi kamar murfin kwalba, ana zubawa ana mayarwa har ka manta abin da kake jira. Na farkon da na kurɓa, ɗacinsa ya sa na tuna duk laifin da na taɓa yi. Sai aka ce saura biyu. An kawo dambu da zogale da ƙuli, wannan kam na ci har na lashe hannu. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida a kan yashi mai laushi, don haka e, da gaske ne.

Malam Isuhu ya dube ni ya ce, "Ɗan Najeriya, kun ji daɗi. Ruwanku ya fi namu, ga taki a kowace kasuwa. Mu nan cewa muke manominku ya gama da duniya."

Baffa ya yi dariya, dariyar farko da na ji ya yi. "Mu kuma cewa muke saifa tana hannunku. Wannan yaron ma cewa yake kuɗin duka suna rumbuna."

"To a ina suke ne?" in ji Malam Isuhu. "A gaya mini in je." Babban ɗansa ya tafi haƙar zinariya a arewa shekara biyu ke nan, don gona ta kasa riƙe shi.

Washegari muka shiga kasuwa. Mai sayen wake ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya baza a tafinsa. Ƙwari sun huda wasu. "Malam, wannan ai rariya ka kawo mini." Ya yanke kuɗin. Baffa ya ce masa maganin adanawa ne ya fi ƙarfinsa bana. Mutumin ya ce shi ma ba laifinsa ba ne, kuma gaskiyarsa. Rago kuwa dillali ya matsa bayansa, ya buɗe bakinsa, ya ce, "Azumi yake yi?" Shi ma ya tafi a yadda aka ga dama.

Baffa da Malam Isuhu suka tsuguna a inuwar amalanke suna ja wa ƙasa layi da kara. Ban iya lissafin saifa ba, amma na iya karanta fuska. Malam Isuhu ya ce, "Taki da ƙyar. In ka cire na gero, rabin gonar za ta kwana da yunwa."

Na zame ba su gani ba. Na sami wani mai rumfar wayoyi na ajiye masa tawa, wadda dama don in rabu da ita na jawo duk wannan. Ya juya ta, ya kalli fashewar gilashin, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan sai dai a danne takarda da ita kar iska ta ɗauke." Na roƙe shi, wallahi har na ce masa Alhaji. Ya ce in ba shi wuri.

Da na dawo, Ɗan Baƙi ne kaɗai a ɗaure a jikin amalanke.

Na same su a kara, inda ake cinikin shanu. Goje yana tsaye, wani falke mai lodin manyan motoci yana zagaya shi yana bubbuga cinyarsa. Dillali yana kai da kawowa, ya raɗa wa wannan, ya raɗa wa wancan. Na kama hannun Baffa na ce don Allah kar ya yi, zan je masallacin da kaina in faɗa wa dattawan nan ƙarya na yi.

Ya ce, "Sai su ce ni na sa ka. Sake ni, ɗan Yaya." Ya ɗan sassauta murya. "Ba buhunka ne ya kawo Goje nan ba, taki ne. Tun watan jiya nake kwana da abin. Buhunka turawa kawai ya yi."

Ban san ko don in ji sauƙi ya faɗa ba. Ban ji ba.

Dillali ya dawo da magana ta ƙarshe. Baffa ya kalli ƙasa, ya ce, "Na sallama." A nan na koyi cewa ana sayar da dabba amma ba a sayar da igiya. Baffa ya kwance tasa daga wuyan Goje da hannunsa, a hankali, mai saye ya zura tasa. Baffa ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa ya juya. Goje ya biyo shi taku uku, aka ja shi, ya sake biyowa, sai da aka sa sanda. Baffa bai waiwaya ba. Ni na waiwaya, kuma da ban yi ba.

Sai ga matsalar da ban hango ba. Karkiyar ta shanu biyu ce. Da aka ɗaura Ɗan Baƙi, ɗaya gefen ya faɗi ƙasa yana jan yashi, san yana ta juyawa yana kuka yana neman ɗan'uwansa. Baffa ya ce wa Malam Isuhu ko zai ara masa nasa zuwa iyaka. Malam Isuhu ya ce, "Nawa ai bara ya tafi, a karar nan."

Baffa ya cire hula ya sa a aljihu, ya naɗe rawaninsa ya ɗora a kafaɗa, ya ɗaga gefen Goje ya saɓa. Ya ce, "Mu je, Ɗan Baƙi."

San ne yake ja, mutum kawai riƙe itacen yake don kar ya karkace. Haka na gaya wa kaina ina zaune a sama. Ban kai nisa ba na diro. Na ce, "Baffa, kawo." Ya ce ba zan iya ba. Na ce in ban iya ba sai in faɗi. Ya kalle ni, ya sauke mini.

Ku da kuke tambayar wuyana, ga amsarku. Itacen nan duk takun da sa ya yi sai ya buge ka a ƙashi. Ɗan Baƙi yana hura mini numfashi a kunne, yana hararata, ya san ba ni ba ne. Muka riƙa karɓa-karɓa, shi ya yi nisa, ni in yi kaɗan.

A iyaka, mai kakin nan ya taso da fara'arsa. Ya ga Baffa a ƙarƙashin karkiya, ya tsaya. "Malam Sale, ina Goje?"

"Ya zama taki."

Mutumin ya nufi wajen ganguna. Ya sauke igiya da kansa, ya miƙo mini butar jiya, wannan karon da ruwa a ciki.

A Babban Mutum aka canza kuɗin. Mai taki ya ce ya ƙara tsada tun kasuwar da ta wuce, shi ma haka ya sayo, mota ta ci, mai ya ci. Baffa ya biya bai yi musu ba. Daga nan muka wuce wajen masu hatsi, wani sito mai ƙofar ƙarfe, buhuna har rufi. Mai shi ya taso da murna.

"A'a, Malam Sale! Yau saye ko sayarwa?"

"Saye. Buhu ɗaya na gero."

"To ai naka zan ba ka. Na ƙauyenku ne wancan layin, na kaka. Ka ga yadda na adana maka shi, ko ƙwaro ɗaya babu."

Ya faɗi kuɗin. Baffa ya ce, "Ba haka na sayar maka ba." Mutumin ya ce, "Lokacin kaka ce, Malam." Da ya miƙo hannu zai karɓa, sai na tuna tsohon cikin mota, na duba. Sumul, da zoben azurfa.

A bayan kasuwa Baffa ya sa muka juye geron a buhuna na biyu, muka kwantar da shi a ƙasan amalanke, muka ɗora taki a kai, muka rufe da harawa, don kar a ƙauye a ga sayo shi aka yi. Da kaya a sama, karkiyar ta ninka nauyi. Wannan zangon Baffa bai bar ni na karɓa ba ko sau ɗaya. Da muka shiga gida, ƙaramar 'yarsa ta leƙa bayanmu ta ce, "Baba, Goje yana baya?" Ya rataye igiyar a ƙusa a zaure ya tafi alwala.

Da safe dattawan suka raka ni bakin hanya, kamar yadda ya ce. Buhu biyu a cike, a ɗaure a kan acaɓa. Dattijon nan ya dafa ɗaya ya ce, "Masha Allah, Malam Sale. Zumunci ke nan." Duk sun ga turken Goje babu kowa. Ba wanda ya tambaya.

A gida Baba ya ga biyu, ya kalle ni. Na faɗa masa komai, har da wayar. Na shirya wa duka, na ma fi son dukan. Bai taɓa ni ba. Ya zauna a kan turmi ya daɗe, Umma tana tsaye da ludayi a hannu. Da gari ya waye ya ɗora buhu na biyun a mota ya tafi ƙauyen da kansa. Da yamma ya dawo da shi, da ƙwan zabi a leda. Ya ce wa Umma, "Sale ya ce in na sauke shi a ƙofarsa, kar in ƙara zuwa."

Saura kuma ga yadda ta kaya. Ruwa ya sauka. Baffa ya haɗa Ɗan Baƙi da san maƙwabci, amma sai da maƙwabcin ya gama huɗar tasa gonar sannan aka zo tamu. Ragowar kuɗin Goje sun tafi a 'yan ƙodago da maganin ciyawa da abincin damina. Duk da haka gona ta yi kyau, takin ya yi aikinsa. Sai kaka ta zo, gero ya faɗi warwas. Umma ta dawo daga awo tana hamdala, ku ma na ji kuna cewa yanzu manoma sun ji jiki sun saki kaya. Taki dai bai faɗi ba. Baffa ya sayar da abin da zai iya sayarwa ya je kara, kuɗin ba su kai sa ba. Maraƙi ya sayo, wanda ba zai ja garma ba sai nan da shekara biyu, in an iya riƙe shi.

Igiyar Goje tana nan a ƙusar zaure, ta yi wa maraƙin yawa. Buhu na biyu kuwa mun cinye shi tun kafin ruwa ya ɗauke. Ni ma na ci.